Kogi ya cika, gidanmu na ƙasa ne: a zauna a kare gida ko a kwashe iyali tun yanzu?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya komai ɗacinta. Muna Haɗejiya, gidanmu na ƙasa ne, a kwari yake, ba nisa da jinga. Maigida yana kudu wurin aiki. Ni ce da yara huɗu da surukata, wadda ciwon ƙafa ya hana ta tafiya sai an riƙe ta. Ga Agusta ta raba, ruwa bai ɗauke ba, kowa na cewa kogi ya cika. Katangar bayan gida ta jiƙe har gwiwa. Maƙwabta wasu na ɗura yashi a buhuna, wasu sun ce a bar wa Allah. Ta ina zan fara?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da katangar nan da kika ce ta jiƙe. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. Ruwan sama ya yi ta dukan sa shekara da shekaru yana tsaye, amma ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku, sai ƙasan ta zama taɓo, nauyin sama ya danne ta, ginin ya zauna. Gobe da safe ki sa a zagaya gidan ciki da waje. Duk inda ruwa ke kwanciya a jikin katanga a ja masa hanya, a buɗe rariya, a zuba jar ƙasa a gindin ginin a daɓe ta da gangare yadda ruwa zai riƙa gudu daga jikinsa. Idan ɗakunan soro ne, a hau a duba indararo, a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe ramuka. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya taru a sama, azara ba za ta iya ɗauka ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yaɓa siminti a kan katangar da ta riga ta sha ruwa. Ido zai ga kyau, amma damshin ya kulle a ciki, wata rana yaɓen ya ɓantaro gaba ɗaya da rabin katangar.

Ga alamomin da idan kin gani babu sauran jira: tsaga ta fito daga ƙasa tana hawa, katanga ta yi ciki, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikinsu, kada kowa ya sake kwana a ciki, ko da a zaure za ku cunkushe. Mutanen da muke rasawa a damina a ƙasar nan, da yawansu gini ne ke danne su cikin dare suna barci.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙofar ɗakin Inna, surukar tawa, ta fara cijewa tun makon jiya, na ɗauka katakon ne ya kumbura.

Tsohon Magini: Yana iya zama katakon ne, yana iya zama ginin ne ya motsa. Ba za mu gwada da ran tsohuwa ba. Yau ɗin nan ki mayar da ita wani ɗakin.

Manomin Auyo: Bari in ƙara wani abu da mutanen cikin gari ba su cika lura da shi ba. Ruwan da ke cin mu ba lallai a kanmu ya zuba ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su gangaro ta Wudil, su bi ta Ringim, Taura, Miga, su zo mana Auyo da Kafin Hausa, su wuce Haɗejiya zuwa Kirikasamma da Guri. Sai ka ga rana ƙwal a garinku, amma ruwan da aka yi a ƙasar Kano kwanaki da suka wuce yana kan hanya. Wannan jinkirin rahama ce gare mu, in mun yi amfani da shi. Duk mai ɗan'uwa a Wudil ko Ringim ya riƙa kiran sa kullum da yamma. Ranar da aka ce ruwa ya haura gonaki a can, lokacin ɗaure kaya ya yi a nan.

Mu a ƙauyenmu sanda muke kafawa a bakin ruwa, mu yi mata zane da wuƙa. Da asuba a duba, da magariba a duba. Yadda yake saurin hawa ya fi inda ya kai muhimmanci.

Mai Shago a Kasuwa: Duk wannan zagaye-zagaye ne. Dam ake buɗe mana. Tiga da Challawa su cika, a sako mana ruwa, mu talakawa mu kwana a firamare.

Manomin Auyo: Alhaji, ni ma gonata ruwan ke ci, ba kare kowa nake yi ba. Amma dam in ya cika maƙil, ta mafitarsa ruwa ke tumbatsa ko an so ko ba a so, don in an hana shi fita bangon ne zai tafi. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992. Tun da aka fara riƙe ruwa ana sakin sa rani da damina, kogin ya daina bushewa yadda yake yi a da, doguwar ciyawar ruwan nan kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike cikin kogin. Kogin da cikinsa ya cike ina zai kai ruwa in ba gidajenmu ba? Wannan magana ce da ya kamata mu riƙa ɗaga wa hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnati tun da rani. Yau dai baiwar Allah ta tambayi abin da za ta yi a gidanta.

Ɗan Gwange: Ni ɗan Maiduguri ne, aure ya haɗa ni da garinku shi ya sa nake zauren nan. Yaya, ki saurare ni da kyau. Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, dam ɗin Alau ya ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Kwanaki kafin nan ana ta maganar ruwa ya ƙaru, muna ji muna cewa ai unguwarmu ba ta taɓa gani ba tun 1994. Cikin dare ya zo. Kafin gari ya waye Gwange, Fori, kasuwar Monday, har fadar Shehu da asibitin koyarwa duk ruwa ne. Wanda ya fita da wuri ya fita da iyalinsa da kayansa. Wanda ya tsaya gani, da kayan jikinsa ya tsira, wani a kan rufi ya kwana yana jiran jirgi.

Abin da ya fi wahalar da mu bayan nan ƙananan abubuwa ne. Waya babu caji, ba ka san inda ɗanka yake ba. Kuɗi na banki, ga masu POS su ma ruwa ya kore su. Takardun gida, takardun makaranta, katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, duk sun narke a cikin akwati a ƙarƙashin gado. Har yau akwai masu zirga-zirgar neman madadinsu.

Don haka yau, ba gobe ba: ki tattara takardun gida, na haihuwar yara, katin rigakafinsu, sakamakon jarrabawa, ki ɗauki hoton kowanne da waya ki tura wa maigida. Ki naɗe su a leda biyu, ki saka a bokitin fenti mai murfi ko jaka ki rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Ki ajiye 'yan kuɗi a hannu, ƙananan canji. Cocila da batir, abin cajin waya a cike. Ki rubuta lambar mahaifinsu da ta wani ɗan'uwa a takarda, ki naɗe a leda ki ba manyan yaran. Sannan babban abu: ki yanke tun yanzu gidan wa za ku je, ta wace hanya, kuma me za ki gani ki ce tafiya ta yi. Idan kika bari sai ruwa ya shigo tsakar gida da ƙarfe biyun dare, da tsohuwar da ba ta iya tafiya da yara huɗu, ba ki da hannun da zai ishe ki.

Mai Shago a Kasuwa: Malam, ina tausaya muku, Allah ya mayar da alheri. Amma a faɗi gaskiya, cewa mutum ya tashi ya bar gidansa abu ne mai sauƙi a baki. A shekarar 2022 mutane nawa suka bar gida suka dawo suka tarar an cire ƙofa da kwano, an kwashe buhunan hatsi? Ruwan bai ma shiga wasu gidajen ba, ɓarayi ne suka shiga. Kuma ina za a je? Aji ɗaya na firamare a zuba iyali goma, matan aure da 'yan mata babu sutura, banɗaki ɗaya. Ni na gwammace in ɗura buhu ɗari in tsaya a ƙofar gidana.

Ɗan Gwange: Kai namiji ne mai ƙarfi, Alhaji, kana iya hawa katanga. Maganar tsohuwa da yara ake yi.

Hajiya Babba: Ku dakata, duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. Tun muna yara haka ake yi: mata da yara da tsofaffi da masu ciki su tafi tudu tun ƙafa na taka busasshiyar ƙasa, maza su tsaya su yi gadi, su ma a wuri mai tsayi da hanyar fita. Unguwa ta haɗa samari su riƙa zagayawa da dare da sanin mai unguwa. Abin da ke da daraja, keken ɗinki, injin markaɗe, buhunan hatsi, a kai su gidan amana tun yanzu, ɓarawo ya zo ya tarar da tabarma.

Ke kuma 'yata, ki kira mijinki yau da dare ki nemi izininsa tun kafin buƙata ta taso, ki ce in abu ya ɓaci zan kwashe Inna da yara zuwa gidan wane. Ya kira yayansa ko ƙanensa da ke gari ya ɗora masa nauyinku. Kada ki bari sai ranar da waya ta ƙi shiga ki tsaya kina jiran izini. Kuma ki cire kunyar nan ta zuwa gidan mutane. Na san mata da yawa da nauyin baki ya sa suka kwana cikin ruwa, alhali 'yan'uwansu na tudu suna da ɗaki a rufe. Ki aika tun yanzu, ki tafi da ɗan abincinku, zaman zai yi daɗi.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya, matsalar Inna ce. Ta ce a ɗakin nan mijinta ya bar ta, kuma abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi.

Malamin Islamiyya: Inna ta faɗi gaskiya, amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, sai aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Annabi Nuhu ma tun ƙasa na bushe aka umarce shi ya sassaƙa jirgi. Tashi daga ɗakin da ke shirin faɗuwa yana cikin tawakkali. Sai dai Malama, wannan magana kada ta fito daga bakinki, tsohuwa ba ta son suruka ta yi mata wa'azi. Ki sa ɗanta ya kira ta, ko limamin unguwa ya shigo gaishe ta. Kuma a ce mata jikokinta ba za su tafi ba sai da ita, wannan kan sauko da su.

Malamar Asibiti: Ni abin da ke zuwa bayan ruwan ne ke tsorata ni. Ambaliya na shiga masai ta kwaso abin da ke ciki ta zuba a rijiya. Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga ta haramta sha har sai an yashe ta an zuba mata sinadarin kulorin, ko da ruwan ya yi garau a ido. Daga nan amai da gudawa ke farawa, kuma kwalara na iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya.

Ki cika jarkoki da ruwa mai tsabta tun yanzu, ki rufe ki ɗora a sama. In ya ƙare, a tafasa ruwa ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya aƙalla, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ki sayi ƙullin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ki ajiye, ƙulli ɗaya a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya na tafasasshen ruwa. Yaro ya fara gudawa a fara ba shi nan take ana hanyar asibiti.

Magungunan Inna, na hawan jini ne ko na suga ko na ƙafa, ki saya mata na wata guda ki saka cikin jakar takardu. Gidan sauro ya shiga kaya, sabulu ma haka. Mai tsohon ciki ta koma kusa da asibiti tun yanzu da katin awonta. Sai macizai da kunamu: su ma tudu suke nema, suna shiga cikin tarin kaya da itace. A riƙa kakkaɓe takalmi da shimfiɗa. Wanda maciji ya sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a kai shi asibiti.

Mai Gyaran Wuta: Gajeriyar magana daga gare ni. Kowa a gidan ya san inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya. Ruwa ya fara shigowa, a kashe tun ƙafa na bushe, a cire fis. In ruwan ya riga ya kai wurin, kada a taɓa. Kada a ce ai babu wuta, ana iya kawo ta kowane lokaci. Batirin sola, janareta da firji a ɗora su kan tebur ko bulo. Wayar lantarkin da ta faɗo cikin ruwa a titi, a yi nesa da ita.

Amaryar Bana: Don Allah buhun yashin nan yana aiki kuwa? Maƙwabcinmu ya jera nasa har ya tare lungu, yanzu duk ruwan layin ƙofarmu yake taruwa.

Tsohon Magini: Yana aiki ga ruwan da bai wuce gwiwa ba, in an jera shi daidai. Ba a cika buhu dam, rabi da ɗan ɗori ake zubawa don ya kwanta ya bi jikin ɗan'uwansa. A lanƙwashe bakin a ƙasa, a jera kamar tubali, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, a taka da ƙafa, a sa leda ta fuskar ruwa. Kuma in ruwan waje ya fi na cikin gida tsayi, rariyar da na ce a buɗe ita ce za ta zama ƙofarsa, to a lokacin sai a toshe ta, a ɗora buhu a bakin masai. Amma ƙofar gidanka za ka kare, ba hanyar ruwan jama'a ba. Abin da maƙwabcinku ya yi zalunci ne ko bai sani ba. Maigidanki ya same shi da lalama, in ya ƙi a kai wa mai unguwa. Da buhunan da ya ɓata a lungu aka kai bakin jinga inda ake buƙata, da duk unguwar ta amfana.

Manomin Auyo: Kada a manta da hatsi da dabbobi. Buhu a ƙasa ko damshi kaɗai ya ishe shi ya ruɓe, a ɗora kan benci ko katako, nesa da bango. Irin shuka a zuba a jarka a toshe. Awaki da tumaki a kai tudu da wuri, in kuma ruwa ya riske ku a kwance su daga turke. Dabba a sake tana iya ceton kanta, a ɗaure kuwa nan za ta mutu.

Masunci daga Guri: Na bari manya su gama ne. Sana'ata ruwa ce, kuma gawar da muke tsamowa yawanci ta wanda ya raina ruwa ce. Ruwa mai gudu in ya wuce idon sawu kaɗan yana kayar da ƙato, in ya kai gwiwa yana ɗaga ƙaramar mota. Ba ka ganin kwalbatin da ya buɗe, ba ka ganin ramin da aka haƙa ƙasar gini, ba ka ganin rijiya. Kududdufan bayan gari da yara suka saba wasa a bakinsu yanzu sun fi tsayin soro zurfi, a tsare yara sosai. In dole sai an taka ruwa, da rana, da doguwar sanda ana dubawa, yaro a wuya ko a goye, kaya kaɗan.

Maganar kwale-kwale kuma, don Allah jama'a ku ji tsoron Allah. Jirgin mutum goma a zuba ashirin da buhuna da babur, a tashi bayan magariba, kachalla ta rufe hanya. Duk shekara muna binne mutane a kan haka. Mai jirgi ya ce ya cika, a haƙura a jira sahu na biyu. Ke mai tambaya, da tsohuwa irin Inna ban so ma ki kai ga jirgi. Ki fita lokacin da a-daidaita-sahu ke iya zuwa ƙofar gidanku.

Mai Shago a Kasuwa: Na yarda a kwashe mata da yara. Amma ni dai ina nan a ƙofar gidana, kuma a ganina sanarwar ambaliya ba ta isowa talaka a kan lokaci.

Mai Kula da Zaure: Wannan ma abin dubawa ne, Alhaji. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar da ke lura da ruwan koguna, NIHSA, na fitar da jerin wuraren da ambaliya ke iya shafa, amma mutum nawa ne a lungu ke gani? Daga yau duk sanarwar da ta fito daga gare su ko daga hukumar agajin gaggawa ta jiha zan sa ta a nan da Hausa, ku kuma ku kai wa limamai da masu unguwanni a faɗa bayan sallah. Roƙona, kada a turo saƙon murya na cewa dam ya ɓalle ba tare da an tabbatar ba. Firgici da dare shi ma yana kashe mutane. Lambar gaggawa 112 ce, amma ku riƙe ta mai unguwarku da ta mai abin hawa ɗaya da kuka amince da shi.

Abu na biyu, kowace unguwa a samu mutum biyu su rubuta gidajen da ke da tsoho, mara lafiya, mai ciki, ko waɗanda maigida ba ya gari. Kada a sa sunaye da lambobi a zaure, a kai wa mai unguwa hannu da hannu. Asabar bayan sallar asuba akwai gayyar yashe kwata da ɗura buhuna. Mai shebur, mai baro, mai tsohon buhu ya fito da shi.

Tsohon Magini: Zan zo da yarana biyu. Wanda ke shakkar katangarsa ya faɗa wa mai kula da zaure, mu biya mu duba, ba ma karɓar ko sisi. Gidajen da babu namiji za mu fara shiga, a sanar da matan su san da zuwanmu.

Masunci daga Guri: Ku ƙara da igiya mai kauri cikin kayan gayyar, da jarkoki marasa komai masu murfi mai kyau. A ajiye su a masallacin unguwa inda kowa ya sani. Jarka a rufe tana riƙe babban mutum a saman ruwa har a miƙa masa igiya.